Shekarar da Aka Sa wa Ɗakin Iya Tayil

Duk wanda ya taɓa riƙe shagon buga takardu a Samaru ya san yadda watan Disamba yake cin mutum. Nawa shagon ɗan ƙarami ne, kwamfuta da injin fotokwafi da wani janareta mai yawan tari, amma a makonnin da ɗalibai ke rige-rigen miƙa furojet kafin hutu, sai ka rantse abinci ake rabawa a ciki. Wannan ya ce, "Anti, please ki taimaka, gobe ne submission." Waccan ta zo da rubutun da ita kanta ba ta iya karantawa, ta ce yanzu-yanzu take so. In na hau keke mai ƙafa uku da yamma zan koma Muchia, ƙarar injin ba ta barin kunnena sai mun wuce Kwangila. Dama ni mai saurin fushi ce, duk wanda ya san ni ya san haka. A Disamba kuwa ko sallama aka yi mini da ƙarfi sai in ji kamar zagi ne.

Sai kuma rana ɗaya gari ya watse. Ɗalibai su ja akwatunansu su nufi tasha, masu abinci su kife tukwane, maƙwabtanmu na Sabon Gari su loda buhunan wake da albasa a dogayen motoci su yi kudu. Kowa yana da inda yake kai gajiyarsa. Ni ba ni da ƙauyen zuwa, a Zariya aka haife ni, maigidana kuma direban babbar mota ne, ƙarshen shekara shi ne lokacin da ya fi daɗewa a hanya. Wurin matar da nake haya a gidanta na koyi yadda ake sauke shekara daga kai.

Iya muke ce mata, mu ’yan haya da ’yan unguwa duka. Bamagujiya ce daga wani ƙauye can bayan Samaru, Kirista, gajeriya mai ƙarfin hannu, tana sayar da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa a kasuwar Sabon Gari. Mijinta ma’aikacin reluwe ne, shi ya gina gidan kafin ya rasu, ɗakuna a jere suna kallon wani mangwaro da ke tsakar gida. Kowane ɗaki da simintinsa, ban da nata. Nata daɓe ne irin na da, jar ƙasa da tsakuwa da aka doka da madaɓi har suka haɗe, aka yi ta shayar da su makuba, wato ruwan kwasfar ɗorawa, har ƙasan ɗakin ya yi duhu yana sheƙi. Ranar da na fara ganinsa na ce a raina, mace da gidan haya guda amma ta kasa saya wa kanta siminti, wannan wace irin rowa ce.

Washegarin Kirsimetin farko da na yi a gidan, na fito da safe na tarar da kayan Iya kaf a tsakar gida. Gado, akwati, kwalla, tukwane, har hoton mijinta an jingine shi da mangwaro. Na ɗauka gobara aka yi ina barci. Sai ga Madam, ɗaya ’yar hayar, ta ci ɗamara da madaɓi a hannu. Madam Ibo ce mai sayar da shinkafa a tasha, a Sabon Gari aka haife ta, Hausa a bakinta har ta fi ni iya zagi, kuma in aka tambaye ta me ya sa ba ta zuwa gida Kirsimeti sai ta ce ai ga ta a gida. Akwai wasu mata daga cocin Iya, da babbar ’yarta da ta zo daga ƙauye ɗauke da buhun kwasfa a ka.

Iya ta hango ni ta ce, "Ke ’yar kwamfuta, ɗaura zani ki zo."

Na ce, "Iya, me ya sami ɗakin? Ai jiya na gan shi lafiyarsa ƙalau."

Ta ce, "Ɗaki lafiyarsa ƙalau. Wa ya ce miki don shi nake yi?"

Na shiga ina ƙunƙuni. An riga an farfasa saman tsohon daɓen, an baza sabuwar ƙasa, an yayyafa ruwa. Muka durƙusa a jere a ƙuryar ɗaki muna fuskantar bango, don da baya-baya ake daɓe, ana duka ana ja har a fito ƙofa. Madaɓai suka fara sauka tare, sai Iya ta ɗauki waƙa. Na zaci tsohuwar waƙar ƙauye ce, da na kasa kunne sai na ji labarinta take bayarwa. Matar da ta shinshina daddawarta a kasuwa ta yamutsa fuska. Gwiwar da ta hana ta durƙuso a coci. Mijin da ya tafi ya bar ta da rufin kwano mai yoyo. Duk inda ta tsaya, matan su amsa da baki ɗaya, "Mun ji, ƙasa ma ta ji," madaɓai kuma ba su fasa ba.

Da ta gama ta zunguri ta kusa da ita, ita ma ta ɗauka. A nan na gane dokar wurin, ko da yake ba wanda ya karanta mini. Duk abin da shekara ta yi miki, a kan daɓe za ki faɗe shi. Ba mai ce miki yi haƙuri, ba mai ba ki shawara, ba mai cewa ai nata ya fi naki. Amshi kawai za a yi miki. In an fito ƙofa kuma magana ta mutu, ko a hanyar rijiya ba mai tayar miki da ita.

Da layi ya zo kaina na ce ni ba ni da abin faɗa.

Iya ta ce, "Mai wannan fuskan? Ki fara ko da janaretanki ne, kullum muna jin kina zaginsa."

Na fara da janaretan, na koma kan ɗalibai, ana ta dariya. Ban san lokacin da bakina ya karkata ba. Sai na ji ni ina faɗin cikin da na yi ɓarinsa da damina, wanda ko mahaifiyata ban zauna na yi maganarsa da ita ba, don kowa na buɗe wa baki sai ya rufe mini shi da "Allah zai ba da wani." Na faɗi watannin da na yi ina ɗinka ’yan riguna a ɓoye. Na faɗi yadda na koma shago jikina bai gama warkewa ba don kada in zauna ni kaɗai. Ba wadda ta ɗago ta dube ni. Suka amsa mini, suka ƙara wa dukan ƙarfi, ni kuma na yi ta dukan ƙasar nan ina hawaye har kafaɗuna suka mutu. Da muka fito ƙofa na ji ƙirjina sakayau, rabon da in ji haka har na manta.

Rabin hikimar Iya ke nan. Sauran rabin yana cikin kwanakin da ke biyo baya. Sabon daɓe ba a taka shi sai ya bushe, saboda haka takan kife turmi a bakin ƙofa, ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mangwaro, ta zauna. Ba kasuwa, ba girki, ba rediyo. Abin da aka kawo mata shi za ta ci. Safe da yamma ta tsaya daga waje ta watsa wa ɗakin makuba, ta koma ta kwanta tana kallon ganye. Matar da ko zazzaɓi ba ya hana ta kasuwa, sai ga ta tana barci da rana tsaka, baki buɗe. In mai sayen daddawa ta biyo ta gida, takan ce, "Ɗakina na hutawa, ni ma haka. Ki dawo baɗi." Ta kwana a ɗakin Madam ko nawa. In sabuwar shekara ta kama, ta je coci ta dawo, a mayar da kaya ɗaki, sai ka ga wata Iya daban, mai tsokana, mai dariya har da tafi.

Na sha ganin masu ilimi da masu hali suna neman hutu ba su samu ba, ni ma ina cikin masu nema. Tsohuwar nan ta san cewa zuciya ba ta saukewa don an ce mata ta sauke, sai hannu ya sami abin duka, baki ya sami wurin faɗa, sannan a sami dalilin zama wanda ba mai iya musawa. Ina son matar nan, kuma ina jinjina mata har gobe. Daga shekarar nan na shiga rufe shagona duk ƙarshen Disamba, madaɓina ma daban aka sassaƙa mini.

Muna nan a haka shekara da shekaru, sai wata damina babbar ’yar Iya ta kwanta ciwo. Ba ta daɗe ba ta rasu.

Ita ce ’yarta ta fari, Iya kuwa ta riƙe kunyar ’yar fari irin ta mutanen da, ba ta rage komai ba. Ba ta haɗa kwano da ita, ba ta kallon ta ido cikin ido, ba ta taɓa yabon ta a gaban mutane ba. Sunanta kuwa ko da wasa bai taɓa fita daga bakinta ba. Mace har ta fara furfura, ta aurar da ’ya’ya, amma a wurin Iya "yarinyan nan" ce. Ko a kan daɓe, inda ake faɗin komai, suna durƙushe kafaɗa da kafaɗa, ban taɓa jin waƙar Iya ta bi ta kanta ba.

Muka je jana’iza ƙauyen mijin marigayiyar. Mata na faɗuwa suna birgima, Iya na zaune a kan tabarma, idonta a bushe, tana amsa gaisuwa, har ita ke tuna wa mutane a kai wa baƙi ruwa. Kowa na cewa kai, tsohuwar nan akwai dauriya. A hanyar dawowa muna cikin keke na kama hannunta.

Na ce, "Iya, ki yi kuka mana. Ba kowa a nan sai ni."

Ta ce, "A kan ’yar fari? Mai keke na ji?" Ta juya tana kallon gonakin masara. Can ta ce, "A bari sai daɓe."

Haka ta ɗauki abin nan ta riƙe, daga tsakiyar damina har kaka. Tana zuwa kasuwa, tana zuwa coci, tana gaisawa da kowa, amma zani ya fara yi mata yawa, wuyanta ya fito. Ni da Madam muka zuba ido muna jiran Disamba kamar masu jiran likita. Mun san in dai ta kai ranar daɓe, za ta sauke.

Iya tana da auta namiji, yana aiki a Abuja, yaron kirki ne ƙwarai, shi ya yi ta jigilar yayarsa asibiti har ta cika a hannunsa. Ana saura kwanaki Kirsimeti, Iya ta tafi ƙauye duba jikoki da sayen kalwar daddawa. Tana juya baya sai ga shi da mota da magina da kwalaye. Lokacin ni ina tsakiyar hayaniyar ɗalibai, ina fita da sassafe. Ranar da na dawo da sauran haske na lura, aikin gama ya gama. An haƙe daɓen Iya an tara shi a bayan gida, ɗakin kuwa an shimfiɗe shi da farin tayil daga bango zuwa bango.

Na ajiye jakata na nufe shi, na buɗe baki zan wanke shi tas. Ya riga ni magana.

Ya ce, "Anti, ya yi kyau ko? So nake ta dawo ta ga abin farin ciki ko sau ɗaya a shekarar nan. Uwata ba za ta ƙara durƙusawa tana dukan ƙasa ba ina raye."

Idanunsa sun yi ja, yana murmushi. Shi namiji ne, bai taɓa shiga ɗakin daɓe ba, daga waje yake jin duka da waƙa tun yana yaro, a ganinsa wahala ce irin ta talauci. Na haɗiye maganata. Na ce ya yi kyau.

Iya ta dawo ana jajiberin Kirsimeti. Ta sauko daga keke da buhun kwasfar ɗorawa a kanta, wanda ’yarta ce ke kawo mata shi duk shekara, bana ta ɗauko da kanta. Autan ya tare ta, ya ja hannunta har ƙofar ɗaki, ya buɗe. Ina tsaye a gefe ina kallon fuskarta. Ta bi ɗakin da kallo, buhun na kanta. Sannan ta sauke shi a hankali, ta tuɓe takalmi, ta shiga, ta rangaɗa guɗa. Ta taka rawa a kan tayil ɗin nan, tana juyi tana ɗaga hannu, tana cewa yau ta zama matar gwamna. Ta dafa kansa ta yi ta sa masa albarka har ya fashe da kuka don daɗi. Buhun kuwa ta ja shi ta ajiye a bayan kicin.

Da ya fita sayen kaji na same ta ita kaɗai. Raina a ɓace yake, na ce, "Iya, me ya sa ba ki gaya masa ba? In ke ba za ki iya ba, ni zan iya, kin san bakina."

Ta ce, "Kul. Na ce kul." Ba ta taɓa yi mini tsawa irin wannan ba. Sannan ta sassauta murya. "Kin ga farin abin nan? Kukan da yake yi wa yayarsa ne. Shi bai iya daɓe ba, abin da ya iya ya yi. In na ce ban so, ina zai kai shi?"

Na ce, "To ke fa, ina za ki kai naki?"

Ta ce, "Ni babba ce."

Aka yi Kirsimeti, aka ci shinkafa, auta ya koma Abuja da farin cikinsa. Washegari na fito tsakar gida, ba gado, ba akwati, ba kowa. Sai ga Iya ta fito da faranti a ka za ta kasuwa. Tun da na zo gidan ban taɓa ganin ta je kasuwa a wannan mako ba, rabin rumfuna ma a rufe suke. Ta je ta wuni ta dawo da kayanta yadda ta tafi da su. Kashegari ma haka. In ta dawo sai ta shige farin ɗakin ta zauna a bakin gado, hannu a cinya. Na kai mata tuwo ya dawo. Madam ta yi mata farfesun kayan ciki, wanda Iya ke iya yin faɗa a kansa, shi ma ya dawo ko cokali ba a sa ba. Ta daina ce mini ’yar kwamfuta. In na gaishe ta sai ta ce "lafiya lau, ’yata," da wata murya mai ladabi da ta fi zagi tayar mini da hankali.

Madam ta ja ni bayan kicin ta ce, "Ke, in muka zuba ido, matar nan bin ’yarta za ta yi. Ba za ta ga Ista ba."

Na san gaskiya ta faɗa. Muka shiga lissafin inda za a samo mata ƙasa. Kicin siminti ne. Tsakar gida siminti ne, kuma ko ba haka ba Iya ba za ta buɗe cikinta a fili kowa na wucewa ba. Ƙauye akwai ɗakunan daɓe, amma a gaban surukai ko za ta mutu ba za ta yi ba. In kuma muka ce mata ga abin da muke shiryawa don ita, cewa za ta yi ita lafiyarta ƙalau. Na koma ɗakina na zauna ina huci, ina kallon ƙasa. Simintina lafiyayye ne, in ban da wata ’yar tsaga kusa da ƙofa da ko tururuwa sai ta yi dabara za ta shiga.

Da safe Iya na fita kasuwa na je wurin wasu magina a bakin layi na aro diga. Na fitar da kayana waje, na ɗaure ƙugu, na ɗaga na sauke a kan tsagar nan. Madam ta fito a guje da ludayi a hannu.

Ta ce, "You don craze? Gidan mutane ne fa!"

Na ce, "In za ki taya ni ki taya ni, in ba za ki taya ni ba ki koma kan shinkafarki."

Ta tsaya tana kallona, sai ta ajiye ludayin ta ce in ba ta digar, ban iya riƙewa ba. Simintin mutanen da ba wasa ba ne, wanda ya zuba shi bai yi ha’inci ba, Allah ya saka masa. Muka yi ta karɓa-karɓa, hannuna da bai san komai ba sai madannin kwamfuta ya yi ƙulu-ƙulu ya fashe. Kafin la’asar mun kwashe ɓaraguzan, ƙasa ta fito.

Iya ta dawo ta tarar da kayana a ƙarƙashin mangwaro. Na tare ta da fuskar kirki na ce, "Iya, ke ce mai gida, zo ki ga abin da ya sami ɗakina. Simintin ne ya lalace."

Ta sauke farantinta ta leƙa. Ta dubi sawun diga a gindin bango, ta dubi hannuwana da nake ɓoyewa a cikin zani, ta dubi Madam da ke ta faman share wurin da ba datti.

Ta ce, "Ɓeran da ya yi wannan aiki, da digarsa ya zo?"

Na ce, "Manya ne ɓerayen Muchia, Iya."

Gefen bakinta ya motsa, abin da rabonmu da gani tun damina. Ta ce, "Mijinki ya sani?" Na ce zai sani in ya dawo. Ta shiga ɗakin ta tsuguna, ta ɗebi ƙasar ta murza a tafin hannu, ta daɗe a haka. Sannan ta ce, "Wannan ba ta daɓuwa. Gobe ki je bayan Samaru, inda ake haƙar jar ƙasa, ki haɗo da tsakuwa. Kada ki kira kowa, mu uku mun isa." Kafin magariba na gan ta ta jawo buhun nan daga bayan kicin, ta zazzage kwasfar a babbar tukunya ta zuba ruwa.

Na yi sammako na ɗauki shatar keke. Samaru shiru, shaguna a rufe, nawa ma na wuce shi ko kallo bai ishe ni ba. Muka gangara ramin da ake haƙa, aka cika mini buhuna, mai keke na ta mita wai zan karya masa ƙafar baya. Na ce ya yi tuƙi, in ta karye na san inda ake gyara. Ranar muka baza ƙasar muka jiƙa ta, muka bar ta ta kwana.

Da hantsi muka durƙusa a ƙurya, Iya a tsakiya. Madaɓai suka fara sauka. Na jira ta ɗauki waƙa kamar kullum, ba ta ɗauka ba. Duka kawai take yi, kanta a sunkuye. Da shirun ya yi yawa Madam ta fara, rabi da Hausa rabi da harshensu, kan ɗanta da ya ƙi karatu da ƙafarta da ke kumbura. Na yi mata amshi ni kaɗai. Na karɓa na faɗi nawa, Madam ta amsa mini. Muka zunguri Iya, ba ta ko motsa ba. Muka ja baya, muka ci rabin ɗaki, muka wuce rabi. Ba asarar simintin nake ji ba, tsorona kada abin ya riga ya daskare a cikinta, ya ƙi fitowa ko an ba shi hanya.

Muka iso bakin ƙofa, wuri ya ƙure, ba zai ɗauki mutum uku ba. Ni da Madam muka fita muka durƙusa a waje, aka bar Iya ita kaɗai a kan ɗan abin da ya rage, ta ba mu baya. Madam ta dube ni ta girgiza kai.

Sai muka ji murya ƙasa-ƙasa, da ƙyar take fita. Iya ce. Tana faɗin ranar da ta haifi ’yarta ta fari, ana ruwa, ita kanta yarinya ce ba ta san komai ba. Tana faɗin yadda aka yaye ta aka miƙa wa kaka, ita kuma ta riƙa bi ta bayan zana tana leƙen ta tana wasa. Yadda takan zaɓi tsokar da ta fi girma ta ba wani ya kai mata, ta ce a ce ragowa ce. Yadda duk shekara in an gama daɓe yarinyar za ta koma ƙauye, ita Iya takan ce mata "sai wani jiƙon" ba tare da ta ɗago ba, sannan ta zagaya ta tagar kicin ta bi ta da kallo har ta sha kwana. Muna amsa mata, ita kuma tana duka.

Sai ta bar waƙar. Ta ɗaga kai ta kira sunan. Ba da waƙa ba, kira sosai, irin wanda uwa ke yi wa yaro in abinci ya sauka yana can wurin wasa. Ta sake kira. Ba zan rubuta shi a nan ba, nata ne. Madam ce ta ɗauko amshin, na bi ta. Kukan ya zo mata gaba ɗaya, tun daga ciki, tana yi tana dukan ƙasar nan da hannu biyu har ta daɓe ɗan gurbin da ya rage, ta fito da baya ta zube a jikinmu. Muka riƙe ta. Ba wadda ta ce mata yi haƙuri. Ta yi mai isarta, har inuwar mangwaro ta iso inda muke.

Da ta lafa ta jingina da bango, ta share fuska da bakin zani, ta ja numfashi mai tsawo. Ta dubi Madam ta ce, "Farfesun nan naki, kin zubar ne?" Madam ta tashi da gudu har tana tuntuɓe da madaɓi, tana cewa yanzu za ta ɗora sabo.

Aka bar ni da ita. Idanunta sun kumbura, amma ita ce, Iyar da na sani. Ta ɗan matso ta rage murya.

Ta ce, "Ke ’yar kwamfuta. Da ƙarfi na faɗa?"

Na ce, "Har bakin titi an ji, Iya."

Ta dubi jiƙaƙƙen ɗakin. Ta ce, "Tun ranan da aka raɗa mata shi yake bakina, ban taɓa bari ya fito ba." Ta sake faɗin sa sau ɗaya, a hankali, ita da kanta. Sannan ta ce, "Ashe haka yake da daɗin kira."